"Guideline": doka ce, shawara ce, ko ƙa'ida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara a Wikipedia ta Hausa. Ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya ga "guideline". Wasu na cewa doka, wasu shawara, wasu jagora, kuma kowa da nauyin kalmar da ya zaɓa yake hukunta aikin ɗan'uwansa.

A Wikipedia ta Turanci hawa uku ne. "Policy" ita ce wadda ake so kowa ya bi, kamar rashin ɗaukar ɓangare da kawo madogara. "Essay" ra'ayin wasu editoci ne kawai. "Guideline" tana tsakiya: jama'a sun yarda da ita, ana so a bi ta, amma a saman shafinta an rubuta cewa akan sami togaciya. Kundin salon rubutu, mai tsara babban baƙi, alamomin rubutu da kwanan wata, a wannan hawa yake.

Doka ta yi nauyi. Wanda ya karya doka hukunci ke jiransa. Sabon edita ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" don wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai a soke masa aikin duka, a bi shi da gargaɗi. Da wuya ya dawo, mu kuwa hannu muke nema.

Shawara kuma ɗaukarta ba dole ba ne. Idan kowa zai iya yar da lanƙwasa, mai karatu ba zai bambance baki da baƙi ba.

Jagora kuwa a kunnena mutum ne, don haka bai dace da sunan shafi ba.

Ni ƙa'ida na zaɓa. Tun a makaranta muka san ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma duk malamin nahawu zai gaya maka ƙa'ida tana da togaciya. Wanda ya saɓa mata gyara masa ake yi, wanda kuma yake son kauce mata sai ya kawo hujja a shafin tattaunawa.

Ga inda za mu gwada ta. A Najeriya 'ya'ya muke rubutawa, a Nijar ƴaƴa. Masu Turanci sun sha irin wannan rigima tsakanin rubutun Amurka da na Ingila, suka daidaita a kan cewa a bar maƙala da salon da ta ginu a kai, sai in batun nata na ƙasa ɗaya ne. Mu ma maƙalar Damagaram ta zauna da ƴ, ta Zariya da 'y.

Don haka kundin sai ya zama Ƙa'idojin Salon Rubutu, "policy" kuma a bar ta manufa, yadda gidajen rediyo ke faɗa. 'Yan'uwa na Nijar, ƙa'ida ta zauna muku a kunne?