Fitilar baƙin mai tana kamawa a injin jirgina

Mai jirgi: Salamu alaikum. Ɗan jirgin ruwana mai tafiya da iska yana da injin dizal, Yanmar 1GM10. Da sanyi lafiya lau, amma da ya yi zafi na rage wuta sai fitilar baƙin mai ta kama, ƙararrawa ta cika min kunne. Man bai ragu ba, kamar ma ƙaruwa yake.

Bakanike: Ƙaruwa? Malam, shinshina sandar awon. In ka ji warin dizal, robar famfon dizal ce ta fashe, dizal yana shiga yana tsinka maka baƙin mai. Kada ka sake tayar da shi.

Tsohon matuƙi: Ni dai geji mai auna ƙarfin bugun baƙin mai zan fara ɗaurawa a gurbin sensar da ke kunna fitilar. Nawa haka ya yi, har na fara kukan kuɗin metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, ashe sensar ce ta mutu.

Mai jirgi: Na shinshina, Oga. Dizal ne zalla.