Me ke tsayar da girman hanta, kuma me ya haɗa shi da ciwon daji?

Ɗalibar likitanci, Yamai:
Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa. Ina shekara ta biyu a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. An koya mana cewa idan aka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, ragowar takan yi girma har ta koma nauyinta na da cikin kamar kwana goma, sannan ta tsaya cak. Me ke ja mata linzami? Idan kuma an gano shi, me ya hana a ɗaura wa ciwon daji?

Malamin ilimin halittu, Tahoua:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Babban linzamin da aka sani shi ne hanyar saƙon da ake kira Hippo, wato dorina. A jikin ƙudan ƴaƴan itace aka gano ta, kuma a 2003 aka raɗa mata wannan suna, domin idan ta lalace sai kan ƙudan ya kumbura ya yi naɗe-naɗe, wanda duk ya taɓa ganin dorina a Ayorou zai gane kamar. Idan ƙwayoyin jiki suka cika wuri suna matse juna, hanyar takan tsare wani furotin mai suna YAP a waje da cibiyar ƙwaya. Idan kuwa aka sake shi, sai ya shiga cibiyar, ya haɗu da abokin aikinsa TEAD, su ba da umarnin a ci gaba da rarrabuwa. A 2007 masu bincike a Amurka suka ƙara ƙarfin YAP a hantar ɓeraye, ta ninka girmanta kusan sau biyar. Da aka janye sai ta koma daidai, da aka bar shi ya daɗe kuwa sai ta rikiɗe ta zama daji.

Likita, Yamai:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ƙanwata, kada ki ɗauka maganin ya iso. Magungunan da ke raba YAP da TEAD suna matakin gwaji ne a kan mutane, musamman masu dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, inda wannan hanya ta fi yawan lalacewa. A nan gida, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai sai a 2021 ta fara maganin daji ta hanyar gashi da haske, kuma dajin hantar da muke gani galibi daga ciwon hanta nau'in B yake fitowa, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ga jarirai, a ganina, ta fi kusa da mu.

Ɗalibar likitanci, Yamai:
Na gode ƙwarai. To, tunda da YAP ɗin jiki ke gyara kansa, toshe shi ba zai cutar da mara lafiya ba?

Malamin ilimin halittu, Tahoua:
Nan gizo ke saƙar, ɗiyata. Hanji yana bukatarsa wajen warkewa bayan rauni, ƙoda ma haka, kuma a gwaje-gwajen farko an ga furotin yana zuba cikin fitsarin wasu marasa lafiya. Shi ya sa ake gwada ba da maganin ana hutawa a tsakani, ana kuma auna fitsari a kai a kai.