Inna ta ajiye maganin suga ta koma shan jarka, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan mahaifiyarmu, muna nan Mabera, Sakkwato. Ta daɗe da ciwon suga, tana shan metformin. Da kuɗin magani ya hau, sai maƙwabciya ta haɗa ta da wani mai magani, irin masu yawo da mota da lasifika a bisa. Ya ba ta jarka da ƙullin gari, ya ce ta bar na asibiti, wai ba a haɗawa. Jarkar ba suna ba lamba, kuma ita ce ta suga, ita ce ta basir da sanyi. Yanzu fitsarin dare ya dawo, ga rauni a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Da na yi magana sai ta ce boko ya ɓata ni. Ya zan ɓullo mata ban saɓa mata ba?

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:
'Yar uwa, ajiye gardamar jarka tukuna, ƙafar nan ce abin tsoro. Suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ƙafa, ya rage gudun jini, mutum bai jin zafi, rauni na cinsa ta ciki. Da yawa daga nan ake kai wa ga yanke ƙafa. Ki kai ta asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist gobe, ba jibi ba. Ki tafi da jarkar likita ya gani, a auna suga, a duba ƙoda.

Ɗan gidan masu magani, Tsohuwar Kasuwa:
Allah ya ba Inna lafiya. Amma a daina yi mana kuɗin goro. Sabara da zogale da garahuni mun gaje su, kuma mutane na zuwa wurinmu don muna sauraronsu, har bashi muna bayarwa. Maganin maleriya da ake sha yau, ai daga tazargade aka ciro sinadarinsa, har wata 'yar China, Tu Youyou, ta ci kyautar Nobel a 2015. Sai dai mahaifina bai taɓa ce wa mai suga ya zubar da ƙwayarsa ba. Mai faɗin haka ɗan kasuwa ne.

Mai kemis, Runjin Sambo:
Gaskiya ne, Malam, amma tazargaden sai da aka gwada, aka san awo. Jarka fa? Ko mai lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, in lambar ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Balle wadda ba ta da ko takarda. Batun tsada kuma, ki nemi metformin na kamfani mai sauƙin kuɗi, sinadarin ɗaya ne.

Wata Hajiya, Gawon Nama:
Ɗiyata, ba da hujja ake cin tsofaffi ba. Kar ki kushe mata maganinta. Ki samu ƙaninta ko malamin da take jin maganarsa, ya tuna mata Annabi (SAW) ya ce a nemi magani. In tana son habbatus sauda, a tambayi likita. Zuma dai a yi hattara, tana ɗaga suga.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Kawu ya yarda zai zo bayan Magariba. Anti nas, da azumi za a kai ta awon, ko ta karya tukuna?