Gwaggo Ta Ce A Kira Shi Ajefas

Ajuji:
Assalamu alaikum. Matata ta sauka ranar Asabar, namiji. Biyu da muka haifa kafinsa sun koma, don haka Gwaggo ta ce a kira shi Ajefas, yadda aka yi mini. Ga abin da ke raina.

Da Haruna aka yanka ragona,
Amma gari bai san ni ba sai Ajuji.
Uku sun koma kafin zuwana,
Inna ta kai ni ta kwantar kan juji,
Wai in mutuwa ta zo nemana,
Ta zaci shara ce, ta nufi daji.
Ran da malam ya kira sunana,
Dariya ta ɓarke ta cika aji.
"Ɗan bola" suke ce min a idona,
In je gida da kuka, ba mai agaji.
Har ran da na je gai da surukaina,
Ƙannen amarya na raɗa, ina ji.
Yau Gwaggo na so a maimaita kan ɗana,
Haka zan yi wa wanda zai zama magaji?

Iya Kande:
Barka da arziki, ɗana. Saurara.

Kar ka ga laifin Gwaggo da Inna,
Ba ƙi ba ne, tsoro ne na rabuwa.
Wadda aka fita da uku daga ɗakinta,
Nono na zuba, ba wanda za a ba wa,
Ita ta san dalilin Ayashe,
Da Ajefas, da Mantau, da Bawa.
Bawa Jan Gwarzo ya riƙe Gobir,
Wa ya yi masa dariya a Alƙalawa?
Sulaimanu Barau ya yi sarauta,
Sunansa Suleja take amsawa.
Ni Kande ce, bayan maza na zo,
Sunana ya ba da labarin ga kowa.

Malamar Aji Uku:
Iya, na ji, kuma ban raina hawayenki ba,
Amma ni ce mai riƙe da rajista.
Tanko da Gambo, Talatu da Ladi,
Ba mai sunkuyar da kai in na karanta.
Akwai wata Ayashe a bencin baya,
Ko ta san amsa, ba a jin muryarta.
Sunan ɗaki in ya hau takardar haihuwa,
Sai kotu da jarida kafin a gyara ta.

Almajirin Zaure:
Iya, a gafarce ni, ɗalibi ne zai yi magana a gaban manya.

Sunan 'yar Umar na nufin mai saɓo,
Manzon Allah ya mai da shi Jamila.
Ya ce wa Hazanu, wato mai tsauri,
"Kai Sahlu ne," mai sauƙin mu'amala.
Hazanu ya ce ba ya sauya sunan da uba ya sa,
Tsaurin ya bi jikoki, ya zame illa.
Jikansa Sa'idu ne ya ba da labarin,
Bukhari ya kawo shi, ba wata matsala.
Ajali kuwa ba ya ɓatan hanya,
Ko an ɓoye jariri a cikin bola.

Kada wata Asiya ta tsorata: sunan 'yar Umar ɗin Asiya ne, amma da harafin ainun ake rubuta shi. Na matar Fir'auna daban ne, suna ne mai kyau.

Ƙanwar Maijego:
Kar mu ɗora wa tsofaffi su kaɗai,
Mu masu waya ma muna cikin ruɗi.
Ƙawata ta so sa wa 'yarta Tukazziban,
Sau 31 a Suratur Rahman, ga daɗi.
"Kuke ƙaryatawa" ce fassararsa,
Jikinta ya yi sanyi da liman ya faɗi.
Gwaggo ko ta san me Ajefas ke nufi,
Mu kunne muke bi, ko sunan mai kuɗi.

Ajuji:
Jiya da daddare na je ɗakin Gwaggo. Ban fara da hadisi ba, Malam, baitocin Iya na fara karanta mata. Ta daɗe tana share ido da gefen zani.

Ta kirga mini yayyena da sunansu,
Uku, ba ta manta ko ɗaya ba.
Na ce Gwaggo, ni ma na kai biyu makwanci,
Ba wai ban san wannan tsoron ba.
Sai na ba ta labarin aji da dariya,
Ta ce ita ba ta taɓa sani ba.
Abdurrahman za a raɗa masa,
Ta ce, "To, ban hana ba."
Ta roƙa a ɗaki ta kira shi Barau,
Na ce wannan kam ban ƙi ba.

Iya Kande:
Allah ya raya Abdurrahman,
Ya bar mana Barau ya yi furfura.
Ka ce wa Gwaggo ina gaishe ta,
Maijego ta sha kunun kanwa, ta ƙara.

Ajuji:
Amin, Iya, za ta ji. Raɗin suna Asabar ne bayan sallar asuba, a ƙofar gida. Malam, kai za ka yi mana addu'a.