Saba biyu a kan faifai ɗaya: me zai hana su ɓata bayanai?

Ɗan Wuse: Assalamu alaikum. Saba biyu ne, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai, a wani ofis a Wuse II, dukansu suna ganin faifai ɗaya ta iSCSI (hanyar isa ga faifai ta netwok), Pacemaker da Corosync (manhajojin da ke sa ɗaya ta karɓi aiki in ɗayar ta faɗi) ke tafiyar da su, tsarin ajiyar fayilolin faifan kuma ext4 ne. In wayar da ke tsakaninsu ta katse, kowacce za ta ɗauka 'yar uwarta ta mutu, ta hau faifan. Ya ake toshe wannan? Wasu sun ce a kashe stonith, wato tsarin da ke sa saba ɗaya ta kashe 'yar uwarta da ta daina amsawa, a huta.

Injiniyan Garki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka kuskura. Ba a yi ext4 ko XFS don saba biyu su ɗora su lokaci guda ba. Kowacce tana riƙe da nata lissafin a ƙwaƙwalwa, kafin ka ankara sun yi rubutu a kan na juna. Wadda za ta karɓi aiki sai ta tabbatar an kashe ɗayar tukuna, ta iDRAC ko iLO, wato ƙaramar na'urar cikin saba da ake kunna ta ko kashe ta daga nesa da ita. Amma ga tarkon: in wuta ta ɗauke wa saba ɗungurungum, iDRAC ɗinta ma ya mutu, umarnin kashewa bai samu amsa ba, sai mai rai ta zauna jira, aiki ya tsaya cak. Maganinsa SBD: yanki ɗan megabait 10 a faifan inda ake ajiye wa saba saƙon ta kashe kanta, da watchdog na cikin injin a kowace saba, wato agogon da ke sake kunna sabar in ta daskare. Lokacin msgwait, wato jiran da ake yi kafin a ɗauka saƙon ya isa, ya kai ninki biyu na na watchdog.

Malama daga Maitama: Injiniya ya yi gaskiya. Ƙari na: kowace saba ƙuri'a ɗaya gare ta wajen yanke wadda za ta ci gaba da aiki, kuma ƙuri'a biyu ba sa raba gardama. Sa corosync-qnetd, manhajar da ke ba da ƙuri'a ta uku, a wata ƙaramar kwamfuta, ka buɗe mata ƙofar netwok ta TCP 5403, ƙuri'u su zama 3, mai 2 ta ci gaba. Ka ba Corosync hanya biyu ta suwic (akwatin da ke haɗa wayoyin netwok) daban-daban. Don Allah kada komai ya rataya a UPS ɗaya. 'Yan sakannin nan kafin janareta ya tashi sun isa suwic ya mutu, sabobin su rabu.

Injiniyan Garki: Haka ne, Malama. Shi ma akwatin faifan ya zama mai kwanturola biyu, da multipath, wato hanya fiye da ɗaya zuwa faifan. Kuma lokacin watchdog ya fi lokacin da multipath ke ɗauka kafin ya sauya hanya, in ba haka ba lafiyayyar saba za ta sake kunna kanta a banza. Kafin ka miƙa aikin, zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya ranar Asabar, agogo a hannu, ka rubuta sakan nawa kowace sauyawa ta ci.