Icebox na jirgin ruwa: ina ganin randar ƙanƙara ce

Jama'a, jiya na roƙe ku kalmar Hausa da za ta fassara icebox na jirgin ruwa, yau ga inda na tsaya. Ina fassara bayani ne kan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin waɗanda ke tashi daga Las Palmas, wani birni a tsibiran Canary na Spain, duk watan Nuwamba su tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Caribbean. Mil 2,700 ne na teku, kusan mako uku babu kasuwa babu tasha. Wurin da suke ajiye nama da madara shi Turawa ke ce wa icebox, a nan na cije.

Ga siffarsa ga wanda bai gani ba. Rami ne da aka gina a cikin kantar kicin ɗin jirgin, murfinsa a sama. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ƙasa take kwantawa, don haka ko an ɗaga murfi ba ta gudu. Da ƙofar gefe ce, duk buɗewa sai sanyi ya zube, in kuma igiyar ruwa ta karkata jirgin kwalabe su biyo baya. Bangonsa soso ne mai tauri, kaurin inci huɗu ko fiye. Manyan dunƙulen ƙanƙara ake jerawa a ƙasa domin sun fi ƙanana daɗewa, da 'yar kafa inda ruwan narkewa ke bi.

Da yawa kun ce firji. Firji sai da wuta, wannan kuwa ƙanƙara ce jarinsa. Wata baiwar Allah ta kawo kula, kuma ta kusa, sai dai kula ɗaukarta ake yi, mu kuma mun fi saninta da tuwon biki mai zafi. Akwatin ƙanƙara kwafin Turanci ne kawai.

Randa fa? Girke ta ake yi a wuri guda, ba a yawo da ita. Bakinta a sama, da faifai ko murfi a kai. Sai ka sunkuya ka zura hannu har kafaɗa kafin moɗa ta taɓa ruwa, haka mai girkin jirgi yake sunkuyawa yana laluben man shanu a can ƙasa. Kuma Bahaushe na jin randa sanyi ne ke faɗo masa a rai.

Wani malami a cikinku ya gyara mini cewa randa da tsattsafowa take sanyaya ruwa, wannan kuwa tsare sanyi yake yi. Gaskiya ne, Allah ya ƙara sani. Amma jirgi ma da can na ruwa ne kaɗai, yau ga na sama ga na ƙasa, ba wanda ya rikice.

Na rubuta randar ƙanƙara. In an sa mata injin sanyi mai cin batirin bolt 12, wanda sau da yawa shi ya fi komai shan wuta a jirgin, to ta zama firji, a kira ta da sunanta.