Tayar da Motar da Ta Daɗe a Ajiye: Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani

Malamin makaranta, Ringim:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa tayar da tsohuwar mota bayan ta yi shekara da shekaru a ajiye su ba mu labarin abin da suka gani da idonsu. A gidanmu akwai Peugeot 504 da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa, haɗin kamfanin Kaduna wanda ya fara aiki a 1975, kuma har yau lambar da ke jikinta ta tsohuwar Jihar Kano ce, tun kafin a fitar da Jigawa a 1991. Tun da ya daina tuƙi take tsaye a ƙarƙashin rumfa, 'yan jari-bola kuwa sai zarya suke yi suna taya ta da kuɗin kilo. Ba na son ta ƙare a kan sikeli. Burina in gyara ta sannu a hankali a ranakun da babu makaranta, in nemi bakanike a inda abin ya fi ƙarfina. Daga ina ake farawa?

Tsohon direban haya, Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Na ci abinci da 504 mai dogon baya a hanyar Kano zuwa Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci, kuma na ga motoci da yawa da aka kashe a ranar da aka zo tayar da su. Don haka abu na farko, kada ka bari wani ya kawo batir ya ce bari a murɗa makulli a ji ko za ta tashi. Baƙin man da ke cikin injin ya daɗe da gangarawa ƙasa, bangon silinda ya bushe, wataƙila ma ringi ya kama da tsatsa, idan aka juya shi da ƙarfin batir a wannan hali sai ringi ya karye ko ya kankare silinda, aikin da bai kai ya kawo ba ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Yadda muke yi shi ne a cire filogi huɗun, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwanaki ya ratsa, sannan a sa sifana a kan fulin da ke gaban inji a gwada juya shi da hannu. Idan ya juya lafiya, ka gode wa Allah. Idan ya cije, a ƙara mai a ƙara jira, ba a yi masa dole. Bayan nan a zubar da tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke, domin fetur idan ya daɗe yakan koma danƙo ya toshe bututu da kafireto. Birki kuma a gama da shi kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, saboda man birki yana jan laima, robobinsa kuma suna bushewa. Na san wanda motarsa ta tashi lafiya lau, ya fito da ita cikin murna, katangar maƙwabcinsa ce ta tsayar da ita.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Ɗambatta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da kayan mahaifinka. Tawa Volkswagen ce ƙirar kunkuru, na saye ta da rancen mota a shekarun da suka biyo bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, lokacin da aka fara haɗa su a Legas. Da ita na yi ta zuwa karɓar haihuwa a ƙauyuka, shi ya sa da na ajiye aiki na ƙi rabuwa da ita, ko da yake ta jima a bayan ɗaki kafin jikana ya ce shi zai raya ta.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne ɓarnar ƙananan halittu. Ɓeraye sun ci wayoyi, gara ta shiga kujerun baya, zanzaro ya yi gini a kowane rami da ya samu. Mafi haɗari shi ne sheƙar da ɓera ya yi a cikin gidan fanka, domin ita wannan mota ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injinta da ke baya, kuma da an tayar da ita da wannan tarkace a ciki, da injin ya ƙone ba tare da wata alama ba. Bakaniken da ya taimaka mana dattijo ne, shi ya koya wa jikana saita bawul da safe injin yana da sanyi, tazarar milimita 0.15, da wanke 'yar rariyar baƙin mai duk lokacin da aka yi juye, tun da ba ta da matatar mai irin ta motocin yanzu. Ya kuma sa aka canza duk robar da fetur ke bi, ya ce da yawan irin waɗannan motoci gobara ce ta cinye su ta nan. Ko da taka 504 ce, ka bi kowace waya da kowace roba da hannunka kafin ka haɗa batir.

Bakanike, Wudil:

Malam, abin da Baba direba ya faɗa haka yake, sai dai zan ƙara abin da ya shafi 504 ita kaɗai. Injinta yana da silinda da ake zarewa, ruwa yana kewaye su kai tsaye, kan injin kuma na alminiyom ne. Idan ta kama sai an buɗe kan injin, to kada wanda zai juya shi kafin a danne silindojin da ƙarfe, domin da zarar sun ɗaga, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, daga nan ruwa zai riƙa haɗuwa da baƙin mai. Yaran garejin yanzu da yawa ba su san wannan ba, ba don rashin ƙwazo ba, sai don motocin da suka koyi aiki a kansu ba haka aka ƙera su ba. Abu na biyu, kusan duk 504 ɗin ƙauye da aka kawo mini, na tarar ruwan rijiya ya cinye hanyoyin ruwan da ke kan injin. Ka sa a wanke lagireto, ka kuma riƙa zuba ruwan sanyaya inji na kanti mai maganin tsatsa.

Batun kayan gyara kuwa ka kwantar da hankalinka. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka, saboda haka kayanta ba su ɓace ba. Ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya gagara a can a leƙa Panteka a Kaduna. Duk lokacin da za ka kasuwa ka tafi da tsohon abin a hannunka a gwada, don an yi ta sauya wasu kaya daga shekara zuwa shekara. A ganina tsohon na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon jabu mai ƙyalli a kwali. Idan kana da hali, ka riga 'yan jari-bola sayen wata matacciyar 504 a wani gida, ita za ta zama kantinka na fitilu da gilashi da marfin ƙofa, waɗanda su ne suka fi wuyar samu.

Matashi mai sana'ar walda, Bichi:

Ina neman afuwar manya, ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ciyar da injin kafireto mai kusan lita biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Na gyara a-kori-kura 404 ta kawuna, muka sa mata injin Japan na gwanjo, yanzu haka tana ɗaukar kaya zuwa kasuwa, kuma a ganina motar da ke tafiya da baƙon inji ta fi wadda ke tsaye da nata.

Bakanike, Wudil:

Ƙanena, maganarka tana kan hanya ga motar neman abinci, kuma ni ma na yi wa mutane irin wannan aikin. Amma Malam ba haya zai yi da ita ba, motar mahaifinsa yake son ya gani yadda ya san ta, kuma wanda zai fita da mota ranar Juma'a ko ranar Sallah ba man da zai sha ne zai karya shi ba. Sauya inji yana jawo yanka da walda a wuraren da ba sa komawa yadda suke. Idan ya zama dole, a ajiye injin asali a ɗaki a rufe, kada a sayar.

Manomi, Auyo:

Ni tawa Land Rover ce da na saya a gwanjon gwamnati, kuma darasin da ta koya mini shi ne kada kyan jiki ya ruɗi mutum. Jikinta alminiyom ne, ba ya tsatsa, ga shi fes, amma ƙashin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne, kuma shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya ruwa ya kwana a ƙarƙashinta. Da muka shiga ƙasa da guduma muna ƙwanƙwasawa, sai ga ƙarfen baya yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Saboda haka, Malam, kafin ka kashe ko sisi a fenti, ka ɗaga tabarmar ƙasa, ka duba ƙarƙashin batir da cikin but da gindin ƙofofi. Rumfar da ke yoyo ta fi rana ɓarna. Idan aikin zai ja lokaci, ka ɗora motar a kan duwatsu ko kututture, ka share ciyawar da ke kewaye da ita kafin damina.

Tsohon magatakardan kotu, Birnin Kudu:

Akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma a wurina shi ne gaba da sifana. Malam ya ce motar ta mahaifinsu ce, ke nan dukiyar magada ce har sai an raba. Na sha ganin mutum ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa ya raya motar gado, ranar da ta fito tana sheƙi 'yan'uwa suka tashi neman rabonsu a kan darajarta ta yanzu, zumunci ya ɓaci a kan abin da da farko babu wanda ya kalla. Ka tara magada, maza da mata, har da waɗanda ke aure a nesa, a yi mata kuɗi a yadda take a yau, ka biya kowa haƙƙinsa ko ya yafe maka da bakinsa a gaban shaidu, a rubuta. Idan akwai marayu ƙanana a ciki, rabonsu ba ya yafuwa, sai an fitar musu. Ka kuma nemo takardunta na asali tun yanzu, domin za a buƙace su wajen sauya suna da karɓar sabuwar lamba.

Tsohon direban haya, Gumel:

Alhaji magatakarda ya faɗi gaskiya, a fara da wannan. Ƙari ɗaya gare ni, tayoyin da ke jikinta kada ka yarda da su ko da zanensu bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, idan kuwa uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, sai dai ta yi aikin tura mota a tsakar gida. In kun gama maganar gado ka cire filogin, ka jera su yadda ka ciro su, ka gaya mana launin bakin kowanne da kuma ko ka ga alamar ruwa a sandar gwajin baƙin mai. Daga nan za mu san ko za a buɗe injin ko ba sai an buɗe ba.